Abota da rashi a zamanin ƙanjamau: wane fim za ka zaɓa cikin shidan nan?

A ranar 5 ga Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da gajeren rahoto kan wasu samari biyar a Los Angeles da suka kamu da wani ciwon huhu da ba a saba gani ga mai ƙoshin lafiya ba. Dukkansu maza ne masu neman maza. Wannan ne rahoton farko kan cutar da daga baya aka sani da ƙanjamau. Daga wannan rana zuwa 1996, lokacin da haɗin magunguna uku ya fara tsayar da mace-mace a ƙasashe masu hali, an yi shekara 15 ana binne matasa. A New York da San Francisco da Landan da Paris akwai rukunin abokai da suka ƙare kusan kaf. Da yawa danginsu sun riga sun juya musu baya, a wasu asibitoci ana ajiye musu abinci a bakin ƙofa, wasu masu shirya gawa suka ƙi karɓarsu. Sau da yawa wanda ya rage a bakin gado aboki ne, shi ma kuma bai san ko gobe shi ne a kwance ba.

An yi finafinai da dama a kan wannan zamani. Wanda ke son ya kalli ɗaya ko biyu, ma'aikacin lafiya ne ko ɗalibi ko marubucin labarin fim ko wanda cutar ta taɓa ɗauke masa wani, yakan rasa da wanne zai fara. Na ware guda shida. Na san yawancin masu karanta wannan suna da matsayarsu ta addini kan rayuwar mutanen da ke cikin labaran, kuma na bar wa kowa tasa. Tambayar da nake bi ita ce: mutum yana mutuwa, wa ya zauna da shi, kuma wane fim ne ya nuna wannan zama da gaskiya? Zan ambaci waɗanda suka rasu a cikin labaran, domin kwatancen ba zai yiwu ba sai da haka.

Ma'aunan da za a auna su da su

Na farko, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne gurbin da fim ya ba abota da jinya. Akwai fim ɗin da cutar ke cikinsa amma hankalinsa na kan kotu ko siyasa. Akwai kuma wanda ke shiga ɗakin majinyaci ya nuna maka mai canza zanen gado, mai ba da ruwa a cokali, mai buga waya ya sanar da uwa.

Na biyu ƙarko, wato ko fim ɗin ya tsufa ko har yanzu yana da abin faɗi.

Na uku kuɗi. Kashi biyu ne: na haya ko rajistar wata-wata, da na data. Hayar tsohon fim a shagunan intanet irin su Apple TV da Amazon kan kama kusan dala 4, kuma abin da ke samuwa a wata ƙasa ba lallai ya samu a wata ba. Shafin JustWatch yana nuna inda kowane fim yake a ƙasashe da dama. Kallon awa ɗaya a matsakaicin inganci kan ci kusan gigabait 1, in an ɗaga hoton ya kai 3, saboda haka tsawon fim shi ne farashinsa na gaskiya ga mai sayen data.

Na huɗu sauƙin fahimta. Ba irin finafinan da ake juyawa zuwa Hausa a kasuwa ba ne, sai an ji Turanci ko Faransanci, ko a iya bin rubutun ƙasan allo.

Na biyar haɗari, kuma iri uku ne. Akwai tsiraici da kwanciya a wasunsu. Akwai nauyin da suke ɗora wa zuciya, musamman ga wanda bai daɗe da yin rashi ba. Akwai kuma doka: a Najeriya dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, da shekara 10 kan tallafa wa ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a, ga dokokin shari'a a jihohi 12 na Arewa, ga hukumar tace finafinai a Kano. Ba finafinan gidan kallo ba ne, ba kuma na turawa daga waya zuwa waya ba.

Philadelphia (1993)

Shi ne wanda kowa ya fi sani. Jonathan Demme ya ba da umarni, Tom Hanks ya fito a matsayin Andrew Beckett, lauyan da kamfaninsa ya kora bayan an ga tabon cutar a goshinsa, Denzel Washington kuma shi ne Joe Miller, lauyan da ya karɓi ƙarar bayan da farko ya ƙi. Hanks ya ci kyautar Oscar a kansa, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 200 a duniya.

Ƙarfinsa yana wurin Joe. Mutum ne da ya gaisa da Andrew, da ya ji abin da ke damunsa ya ja da baya, har ya garzaya wurin likita don ya ji ko musabaha na yaɗa cutar. Daga baya ya gan shi a ɗakin karatu, ma'aikacin wurin na matsa masa ya koma wani ɗaki shi kaɗai, sai ya taso ya zauna kusa da shi. Mai kallon da ke da irin tsoron Joe zai ga kansa, kuma don shi aka yi fim ɗin.

A ma'auni na farko kuwa shi ne mafi rauni. Rabin labarin a kotu yake. Miguel, abokin zaman Andrew, wanda Antonio Banderas ya fito a matsayinsa, bai samu fili ba, sauran abokai kuma sai dai a hango su a taro. Dangin Andrew gaba ɗaya suna bayansa, uwa da uba da 'yan'uwa, abin da dubban majinyata na lokacin ba su samu ba. Larry Kramer, ɗan gwagwarmayar da za mu haɗu da shi nan gaba, ya yi rubutu mai zafi yana sukarsa tun fitowarsa. Amma shi ne mafi sauƙin samu, Turancinsa a fili yake, kuma babu fitar kwanciya a cikinsa.

Longtime Companion (1990)

A nan zan daɗe, domin shi ne ya fi amsa tambayata. Craig Lucas ya rubuta, Norman René ya ba da umarni, kuma René kansa cutar ce ta yi ajalinsa a 1996. Labarin ya fara ranar 3 ga Yulin 1981, ranar da jaridar New York Times ta buga labarin wata sankara da aka gani a jikin maza 41 masu neman maza. Abokai suna kiran juna a waya suna karanta wa juna labarin, wasu na dariya, wasu na cewa ai sai mai yawan shaye-shaye. Daga nan fim ɗin kan ɗauki rana guda, ya yi tsalle zuwa wata shekara, har 1989. Duk tsalle sai ka tarar an rage mutum.

Wannan tsari shi ne hikimarsa. Wani lokaci ba ya ma nuna maka ciwon, sai dai ka ga an taru ana addu'ar wanda ka bari lafiya ƙalau a fitowar baya. Haka mutanen suka rayu: labarin rasuwa na zuwa kafin a gama makokin na baya.

Fitowa biyu sun isa a kalle shi dominsu. A ta farko Willy ya je duba abokinsa Sean a asibiti, Sean ya sumbace shi a gaisuwa, sai Willy ya shige banɗaki yana ta dirje wurin da sabulu. Yana son abokinsa, yana kuma tsoronsa, fim ɗin bai tsine masa ba. Bayan 'yan shekaru Willyn nan ne ke aikin sa kai a gidajen marasa lafiyar da bai sani ba. Ta biyu ita ce ta Sean da abokin zamansa David. Cutar ta taɓa ƙwaƙwalwar Sean, wanda marubucin wasan talabijin ne, David ya ɗauki jinyarsa a gida, yana rufa masa asiri a wurin aiki, yana tsabtace shi. A ranar ƙarshe David ya zauna a gefensa yana lallashinsa da murya ƙasa-ƙasa cewa ya daina wahalar da kansa, ya saki, ba komai. Bruce Davison ya ci kyautar Golden Globe da wannan rawa, aka kuma sa shi a takarar Oscar. Duk wanda ya taɓa kwana a tabarma a gefen gadon asibiti zai gane wannan murya.

Rauninsa a bayyane yake: kusan kowa a ciki farar fata ne mai rufin asiri, masu gidan hutu a tsibirin Fire Island, alhali annobar ta yi wa baƙaƙen Amurka da talakawa mummunar ɓarna. Hotonsa ma na ƙaramin kasafi ne. Ya fi Philadelphia wuyar samu. Akwai sumba da zaman gado, amma ba a zurfafa ba. Bai kai awa 2 ba, don haka datarsa da sauƙi.

The Normal Heart (2014)

Tashar HBO ta yi shi, Ryan Murphy ya ba da umarni, daga wasan kwaikwayon da Larry Kramer ya rubuta a 1985 kan abin da ya gani da idonsa. Kramer na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Gay Men's Health Crisis, mai tallafa wa masu cutar, a New York a 1982, kuma ya rabu da ita a 1983 saboda zafin bakinsa. Mark Ruffalo ne Ned Weeks, wato Kramer da wani suna. Julia Roberts ce likitar da ke kan keken guragu, wadda aka gina a kan Dakta Linda Laubenstein.

Abin da wannan fim ke da shi wanda sauran ba su da shi: yana nuna yadda annoba ke raba abokai. Ned na son a fito a yi ihu a kunnen magajin gari Ed Koch da gwamnatin Reagan. Abokansa na tsoron rasa aikinsu in aka san ko su wane ne. Suna binne mutane tare, suna faɗa a ofis, har suka fitar da shi daga ƙungiyar da aka kafa a falonsa. Akwai Tommy, wanda duk abokin da ya rasu sai ya zare katin lambar wayarsa daga cikin sauran ya ɗaure da roba ya ajiye, don ba zai iya jefarwa ba. Akwai labarin gawar da ma'aikacin asibiti ya cusa a ledar shara ya fitar ta ƙofar baya.

Fim ne mai yawan jawabi da ɗaga murya, asalinsa na dandamali bai ɓuya ba, kuma hakan kan gajiyar. Turancinsa na da sauri. Akwai tsiraici da kwanciya, ramar da Matt Bomer ya yi don rawar Felix, masoyin Ned, kuma tana da wuyar kallo.

120 battements par minute (2017)

Na Faransa ne, ana kuma samunsa da sunan BPM. Robin Campillo, wanda shi kansa ya shiga ƙungiyar gwagwarmayar masu ƙanjamau ta Act Up reshen Paris a farkon shekarun 1990, shi ya ba da umarni. Fim ɗin ya ci kyautar Grand Prix a bikin finafinai na Cannes, ya kuma ci kyautar César ta Faransa ta gwarzon fim. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu jin Faransanci, wannan ne za su kalla ba tare da tsani ba. Ga mai dogaro da rubutun ƙasan allo kuwa aiki ne, don muhawara ce ake yi da sauri, mutum goma na magana.

Rabin farko taron mako-mako ne a ɗakin lacca: wace zanga-zanga za a yi, wane kamfanin magani ne ke ɓoye sakamakon gwaji, wa ya wuce gona da iri. Akwai mata, akwai uwa da ɗanta matashi da ya kamu ta hanyar gurɓataccen jinin da aka ƙara masa, abin kunyar da ya girgiza Faransa a lokacin. Sannu a hankali labarin ya tattare kan 'yan ƙungiyar biyu, Sean mai fama da cutar da masoyinsa Nathan, daga titi ya koma ɗaki. Ƙarshensa shi ne zaman makoki mafi gaskiya a cikin shidan: abokai na shigowa ɗaya bayan ɗaya cikin dare, ana sa wa gawa kaya, uwa na dafa kofi, ana tattauna yadda za a cika wasiyyar mamaci ta a watsa tokarsa a taron masu kamfanonin inshora.

Ta fuskar fasaha shi ne kan gaba, kuma bai tsufa ba ko kaɗan. Ta fuskar haɗari ma yana gaba: fitowar kwanciya a cikinsa doguwa ce kuma ba a sakaya ba, sannan akwai batun taimaka wa majinyaci ya mutu, wanda zai yi wa masu kallo da yawa nauyi.

It's a Sin (2021)

Wannan shiri ne mai kashi 5 na tashar Channel 4 ta Birtaniya, Russell T Davies ya rubuta. Na sa shi a jerin ne don babu wanda ya kai shi ba abota lokaci. Matasa ne suka haɗu a Landan a 1981 suka kama gida ɗaya, aka bi su har 1991. Sai ka saba da su, ka san wasanninsu da gaisuwarsu, kafin a fara ɗauke su.

Yana da alaƙa da mu kai tsaye. Roscoe Babatunde ɗan gidan 'yan Najeriya ne mazauna Landan, ya gudu daga gida ne lokacin da danginsa ke shirin mayar da shi Najeriya don a gyara shi. Sai Colin, yaro mai kunya daga Wales mai koyon ɗinki, wanda aka kulle a ɗakin asibiti da umarnin hukuma kamar mai laifi. Sai Ritchie, wanda ya daɗe yana ƙaryata cutar yana gudun sakamakon gwaji.

Amma ginshiƙin labarin mace ce, Jill. Da farko ita ma tsoro ya sa ta dirje kofin da abokinsu mara lafiya ya sha da shi, ta kasa natsuwa har sai da ta fasa shi. Daga baya ita ce mai nemo bayanai, mai zirga-zirgar asibiti, mai riƙe hannun waɗanda ba mai zuwa duba su. An gina ta ne a kan Jill Nalder, ƙawar marubucin, wadda ta fito a shirin a matsayin mahaifiyar Jill. Kashi na ƙarshe ya taɓo abin da ya fi ci mini rai a duk wannan tarihi: iyayen Ritchie sun ɗauke shi zuwa gida a tsibirin Wight, mahaifiyarsa ta hana abokan da suka yi jinyarsa ganinsa har ya cika. Tana son ɗanta, kunya ce ta rufe mata ido. Wanda ya san yadda a garuruwanmu aka riƙa ɓoye mai ƙanjamau a ƙuryar ɗaki ana cewa sammu ne ko taifot, har lokacin magani ya wuce, zai ga cewa kunyar iri ɗaya ce. A Najeriya sai a 1997, da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya fito ya ce ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa Fela, mutane da yawa suka fara jin babban gida ya ambaci sunan cutar.

Farashinsa shi ne mafi tsada, kusan awa 4. Karin harshen Wales da Scotland da na Landan kan ba da wuya. Kashi na farko cike yake da kwanciya a fili, a san da haka tun kafin a kunna.

We Were Here (2011)

Ba wasa ba ne, hira ce. David Weissman ya zaunar da mutum biyar da suka ga annobar a San Francisco, cikinsu akwai ma'aikaciyar jinya, da mai zane da ya rasa abokan zama biyu, da wani baƙar fata mai sayar da furanni a bakin titi wanda ya wayi gari yawancin cinikinsa na jana'iza ne. Suna ba da labarin sashen masu ƙanjamau da aka buɗe a babban asibitin birnin a 1983, da yadda mata suka ba da jini suka yi jinya. Minti 90 ne, magana a natse, ba kiɗan tayar da hankali. Tsofaffin hotunan marasa lafiya ne kawai ke da wuyar kallo. Mai neman labari mai jan hankali zai ga ya yi sanyi.

| Fim | Tsawo da data | Harshe | Abota da jinya | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Philadelphia | awa 2 da 'yan mintuna | Turanci mai sauƙi | kaɗan | ya ɗan tsufa | kusan babu |
| Longtime Companion | bai kai awa 2 ba | Turanci | sosai | labarin na nan daram | nauyin zuciya |
| The Normal Heart | awa 2 da kwata | Turanci mai sauri | da yawa, har da rikici | matsakaici | tsiraici, ramar majinyaci |
| 120 battements | kusan awa 2 da rabi | Faransanci | sosai a rabi na biyu | mai ƙarfi | kwanciya a fili |
| It's a Sin | kusan awa 4 | Turancin Birtaniya | sosai | mai ƙarfi | kwanciya a fili |
| We Were Here | awa 1 da rabi | Turanci a natse | daga bakin shaidu | mai ƙarfi | hotunan marasa lafiya |

Gargaɗi ɗaya ya hau kan dukkansu. Mace-macen da suke nunawa na zamanin da babu magani mai aiki ne. AZT, maganin farko, sai a 1987 aka amince da shi, kuma a lokacin kuɗinsa ya kai kusan dala 10,000 a shekara. A yau mai ɗauke da HIV da ke shan magani a kan ƙa'ida yana iya yin tsawon rai kamar kowa, in ƙwayar ta yi ƙasa har gwaji bai ganinta kuma ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa. Kada wanda aka gaya wa sakamakonsa jiya ya kalli ɗayansu ya ɗauka makomarsa ke nan. A nahiyarmu kuma cutar ta fi yaɗuwa ne tsakanin mace da namiji da daga uwa zuwa jariri, saboda haka kada su sa wani ya zaci ta wasu mutane ce can daban.

Wanne ya dace da wa

In kana son na farko, kuma ba ka son ganin abin da zai sa ka kashe allo, fara da Philadelphia, amma ka san ƙofa ce kawai. In abota da jinya kake nema tsantsa, kuma datarka 'yar kaɗan ce, nemi Longtime Companion, ko da za ka sha wuyar samunsa. Shi nake ba da shawara a kai fiye da kowanne.

Malamin makarantar koyon jinya ko mai horar da ma'aikatan lafiya kan ƙyamar majinyata, We Were Here ne nasa, don shaida ce daga bakin waɗanda suka yi aikin kuma babu fitar wasa da za ta jawo magana. Mai aiki a ƙungiyar masu ɗauke da cutar, wanda ya san rikicin masu cewa a yi shiru da masu cewa a yi magana, zai amfana da The Normal Heart, in kuma yana jin Faransanci ya ɗauki 120 battements. Marubucin labarin fim ya kalli Longtime Companion don ya ga yadda ake tsallake shekaru, sannan It's a Sin don ya ga yadda ake sa mai kallo ya shaƙu da mutum tun kafin ciwo ya zo.

Wanda bai daɗe da binne nasa ba, ya jinkirta It's a Sin da 120 battements zuwa wani lokaci. Wanda kuma yake neman labarin da ya fi kama da ƙauyukanmu, na matar aure da mijinta ya kawo mata cutar daga wurin aikin ma'adinai, ƙawarta malamar makaranta ta tsaya mata, sai ya bar shidan nan ya nemi Yesterday, fim ɗin Afirka ta Kudu na 2004 da aka yi da harshen Zulu.